Ranar da ke Cikin Fasfon Baba

Sau uku Ruƙayyatu ta karanta katin, kuma kowane karo ranta ƙara ɓaci yake yi.

Kati ne mai ruwan gwal a gefe, irin wanda ake bugowa a Kano. Wai ana gayyatar 'yan uwa da abokan arziki bikin ranar haihuwar Alhaji Abdulsalami mai hatsi, a gidansa da ke Birnin Kudu, gobe Alhamis sha ɗaya ga Maris, da ƙarfe goma na safe. A ƙasa kuma, da haruffan da suka fi na sunan mai bikin girma, aka rubuta: Mai gayyata, Alhaji Badaru ɗan kwangila.

Alhaji Abdulsalami mahaifinta ne. Gobe Alhamis ƙarfe goma kuwa, a nan firamaren Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, malamar da kwalejinsu ta turo za ta zauna a bayan aji ta duba koyarwarta ta gwaji. Sau ɗaya tak ake zuwa. Wadda ba a samu a gaban allo ba ta faɗi ke nan, sai ta maimaita shekara.

"Miƙo in gani," in ji Sada.

Yana durƙushe ne a gindin darbejiya, yana riƙe mata kwalin taswirar da suka kwana shida suna haɗawa. Sada malamin gona ne, ɗan Dingaya, shi ya bi kasuwanni ya tattaro mata iri kala-kala, ita kuma ta liƙa su da ƙaro: gero a nan, dawa a can, gyaɗa, wake, shinkafa, kowace sabuwar jiha da abin da take nomawa. Ya karɓi katin ya duba, ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Bikin ranar haihuwa? A Birnin Kudu? Yaushe aka fara?"

"Tun da kuɗin mai ya fara hana wasu barci," in ji ta.

"Ba kuɗi ba ne, Ruƙayya, makirci ne. Shekaranjiya Badaru ya zo duba ajujuwan da yake ginawa a nan, a gabana hedimasta ya gaya masa ranar da za a duba ki. Ruwa ba ya tsami banza."

Ba ta musa ba. Ta san sharaɗin da mahaifinta ya gindaya, Badaru ma ya sani, domin a gaban mutane aka faɗa. Alhaji bai taɓa son zancen Sada ba. Cewa yake, yaron da ke yawo a babur yana koya wa kakanninsa noma, da me zai riƙe mace? Da ta matsa da kuka, sai ya yanke magana: "Ranar da kika ɗora min takardar shaidar malanta a tafin hannu, yaron nan ya turo magabatansa. In kuwa kika faɗi, ko kika maimaita, to kada in sake jin sunan boko ko sunan Sada a gidan nan." Kuma duk Birnin Kudu an shaida Alhaji Abdulsalami ba ya magana biyu.

Direban da ya kawo katin ya danna hon. Farar Fijo ce sabuwa dal, tana sheƙi a bakin makaranta.

"Ba dai shiga za ki yi ba?" Sada ya miƙe.

"Baba ne ya aiko. In na ƙi zuwa, kafin magariba an gama kai masa cewa boko ta sa na raina shi. Zan je in roƙe shi, in dawo da safe."

"Da wace motar? Motar kasuwa ba ta isowa nan sai azahar, kin sani." Ya matso kusa da ita. "Shekara uku ina jira, Ruƙayya. An kira ni mai babur, na haɗiye. An hana ni ƙofar gidanku, na haɗiye. Yanzu saura kwana ɗaya, kwana ɗaya rak, za ki shiga motar mutumin nan da ƙafarki?"

"To me kake so in yi? In zaɓe ka in bar ubana?"

Hawaye ya zubo mata, ta share da haushi, don ba ta so ya gani ba. Sada ya sunkuyar da kai.

"Tun asuba ina tashar Birnin Kudu da babur ɗina," ya ce. "In kin fito, na kawo ki."

Su duka biyun sun san me hakan ke nufi. 'Yar Alhaji Abdulsalami a bayan babur ɗin saurayi, ta tsakiyar gari, ranar bikin ubanta? Ko ta ci jarrabawar, ta rasa uban. Ta ce ya kai taswirar ofishin hedimasta, ta ɗauki jakarta ta shiga motar.

Suka kama hanya. Abin da ke cin ranta ya wuce wanda Sada ya sani, domin akwai abu guda game da sha ɗaya ga Maris da duk duniya ita kaɗai ta sani. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

*

Gidan ya cika maƙil. An ɗaure bijimi a gindin ɗorawa, an kafa rumfa a ƙofar gida, mata na ta gyaran shinkafa a manyan tabarmi. A kan teburi a rumfar Inna, an ajiye wani abu mai hawa uku a rufe da labule, kamar amarya.

"Kek ne, daga Kano," in ji Inna Batulu, mahaifiyarta, tana rage murya kamar kada ya ji. "Ke za ki riƙe wa babanki wuƙa ku yanka tare a gaban baƙi. Haka Alhaji Badaru ya ce ake yi a Ikko."

"Inna, gobe fa jarrabawata."

"Jarrabawa kullum jarrabawa! Shi uban naki kullum ake haifarsa? Ki rufa min asiri, Ruƙayyatu, kada ki ja a ce ban iya tarbiyya ba."

Daga kan tabarma Goggo Mairama ta yi tsaki. Yayar Alhaji ce, ta ba shi shekara tara, kuma ita kaɗai ce a gidan ba ta tsoronsa.

"Ni dai na ga ikon Allah," ta ce. "Yaron da aka haifa ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, gero ya kai ƙugu, yau an ce ɗan bazara ne. Na gaya masa, ya ce wai tsufa ya kama ni, gwamnati ta fi ni sani. To ni gwamnati ba ta wurin, ni ina wurin."

Kafin Ruƙayyatu ta amsa, aka yi sallama da ita a zaure.

Badaru ne, yana tsaye cikin babbar riga mai aiki har gwiwa, ƙamshin turarensa ya kori iskar zauren. Ba mummuna ba ne, a faɗi gaskiya, kuma bai wuce talatin da biyar ba. Amma yana da wani murmushi na mutumin da bai taɓa taya kaya an ce masa albarka ba.

"Malama, sannu da hanya. Motar ba ta girgiza ki ba dai?"

"Alhaji, yaushe ka fara sanin ranar haihuwar Baba?"

"Ai ni na yi masa hidimar takardu da zai koma Hajji karo na biyu. A fasfonsa na gani."

"Shekara biyu ke nan. Bara ranar ba ta zo ba ne? Ko sai bana da hedimasta ya gaya maka ranar da za a duba ni?"

Ko gezau bai yi ba. Ya gyara hannun rigarsa.

"Ruƙayyatu, mu daina ɓoye-ɓoye. Me za ki yi da alli? Ki tsaya a rana kina haƙilo da 'ya'yan mutane, ki koma gidan mai babur ki daka masa dawa? Ajin da kike wahala a kansa ni na gina shi. In makaranta kike so, in gina miki taki."

"Allah ya kiyashe ni! Wanda zai tara gari, ya yanka sa, ya sa dattijo a gaba don kawai ya kayar da ɗaliba a jarrabawa, shi ne zai gina min makaranta? Ba ka ji kunya ba? Ubana ne fa ka mayar abin wasa!"

"Abin wasa?" Ya yi dariya. "Shiga ki ga fuskarsa. Tun da kike kin taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na yau? In kin isa, ki je ki ɓata masa."

Wannan maganar ce ta soke ta, don gaskiya ce.

*

Bayan la'asar ta same shi a turakarsa. Yana zaune kan buzu, fasfon na hannunsa a buɗe, duk da cewa ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Uwata ta iso," ya ce, fuskarsa a sake. "Matso ki nuna min. Ina wurin yake? Nan ne?"

Ta ɗora yatsa a kan layin.

"Kin gani," ya ce a hankali. "Ni ban san uwata ba, Ruƙayyatu. A wurin haihuwata ta rasu. Ubana bai taɓa yarda a yi zancen ranar ba har ya koma ga Allah. Na girma kamar wanda ya tsiro daga ƙasa. Sai ga yaron nan Badaru, Allah ya yi masa albarka, ya ce min ai gwamnati ta rubuta, ga hatimi. Ashe tun zamanin Turawa an san da ni. Ashe ni ma ina da rana. Gobe zan sa malamai su yi wa uwata addu'a a ranar da ta bar duniya, abin da ban taɓa samun yi ba."

Ruƙayyatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yi niyyar bin hanya mai sauƙi.

"Baba, don girman Allah, a bar ni in koma da asuba. Ƙarfe sha ɗaya na gama, kafin la'asar ina nan. A ɗaga yankan zuwa yamma."

"Baƙin Kano da hantsi za su zo, da azahar su juya. An buga a kati."

"Baba, in ban tsaya a ajin nan ba, na faɗi."

"Sai ki faɗi." Fuskar ta ɗaure nan take. "Ko don yaron nan mai babur ne kike rawar jiki? Sau ɗaya a rayuwata na roƙi abu a wurinki. Ki tsaya kusa da ni a ranar da aka haife ni. Shi ne ya gagara?"

"Kai ka sa sharaɗin, Baba! Kai ka ce in na maimaita..."

"Na faɗa, kuma yana nan."

To, a nan ne haƙurinta ya ƙare. An ɗaure ta hannu da ƙafa, sannan an ce ta yi gudu. Kuka ya ƙwace mata, maganar da ta riƙe shekara huɗu ta biyo bayansa.

"Baba, ba ranar haihuwarka ba ce."

"Me kika ce?"

"Ba gwamnati ce ta rubuta ba. Ni ce."

Ya zuba mata ido.

"Ka tuna Hajjinka na farko? Ina hutu, ka miƙo min fom ka ce in cike, kada akawu ya yi maka yawo da hankali. Na zo wurin ranar haihuwa na tambaye ka, ka ce shekarar da fara ta cinye gonaki ce, in rubuta abin da ya dace, kana sauri za ka kasuwa. Shekarar na lissafo. Ranar kuwa ba ni da inda zan samo ta. Sai na ba ka tawa."

"Taki?"

"Ni ma ba tawa ba ce ta gaskiya." Ta ja numfashi, hawaye na sauka a haɓarta. "Lokacin da aka zo ɗibar yara boko, Goggo ta kai ni ƙauyen Unguwar Ya, ta ɓoye ni a rumbu. Wata biyu ana nema na. Kai ka je da kanka ka ciro ni, duk jikina ƙaiƙayi, ka ɗora ni a keke, mutane suna ta cewa ka sayar da 'yarka ga Nasara. Hedimasta ya ce in ɗora hannu bisa kai in taɓo kunne, na taɓo. Ya tambaye ka ranar haihuwata, ka ce ba ka riƙe ba. Sai ya dubi kalanda ya rubuta ranar da muke ciki, ya ce daga yau ita ce ranarki. Sha ɗaya ga Maris. Ita kaɗai ce ranar da na mallaka, Baba, shi ya sa na rubuta maka."

Sautin taɓarya na tasowa daga tsakar gida.

"Ranar da ka kai ni makaranta ce," ta ce. "Ita ce Badaru ya ɗauko zai fitar da ni da ita, da hannunka."

Alhaji ya dubi fasfon ya daɗe. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja, kuma ba tausayi ta gani a ciki ba.

"Wato da ƙarya na je ɗakin Allah. Sau biyu."

"Baba, kowa haka ake..."

"Shekara huɗu kina kallona ba ki faɗa ba. Sai yau da na tara jama'a, na aika wa malamai, na gaya wa duk wanda na sani. Sai yau da maganar za ta amfane ki." Ya rufe fasfon. "Kin ƙwace min uwata karo na biyu. Tashi ki ba ni wuri."

Ta fito tana kuka. Goggo Mairama na bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta yi tsaki ba wannan karon, ta dai kama hannunta ta ja ta ɗaki.

"Da kin bar kaza cikin gashinta, 'yar nan," ta ce, tana share mata fuska da gefen zane. "Amma ni na jefa ki a rumbun, bakina bai isa ya yi miki faɗa ba."

*

Gari na wayewa aka kayar da bijimin. Ƙarfe bakwai Ruƙayyatu ta ɗaura ɗankwali, ta rataya jaka. Idonta ya kumbura, kanta na sarawa, darasin da ta haddace ya watse mata sarai. Amma ta yanke shawara. Sada na tasha. In ta tsaya ta rasa shi, in ta hau babur ɗinsa ta rasa gida, to gara ta rasa tana tsaye a gaban allo.

"Ruƙayyatu, kada ki fita ta zauren nan," Inna ta biyo ta tana roƙo. "Wallahi yana ƙofa."

Yana ƙofar kuwa. Ya sha farar shadda da rawani, yana zaune a kujera ƙarƙashin rumfa, maƙwabta sun fara taruwa. Badaru na gefensa yana ba masu jera kujeru umarni da ƙarfi. Da ya hango jakar a kafaɗarta, murmushin nan ya dawo masa. Ya san duk ta inda ta bi, shi ke da riba.

Ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, zan tafi."

Bai dube ta ba. Badaru ya duba.

"Alhaji Badaru."

"Na'am, Baba."

"Jiya a gaban mutanen nan ka ce motarka tawa ce yau, duk inda na ce a kai ni."

"Ƙwarai kuwa! Har Makka in ka so."

"Ba ta kai can ba. Farin Dutse za ni. Ka ce wa direba ya tayar."

Murmushin Badaru ya tsaya a fuskarsa kamar an manta shi a wurin.

"Baba, Farin Dutse kuma? Baƙi fa suna hanya. Ga nama, ga kek..."

"Naman a raba sadaka, Allah ya kai ladan kabarin uwata, shi ya san ranar da ya karɓe ta. Wancan abin kuma, wanda ya san ranar haihuwarsa a cikinku ya yanka." Ya miƙe ya gyara rawani. "Shekara goma sha uku da suka wuce, a rana irin ta yau, ni na kai yarinyar nan makaranta. Ban ga wanda ya isa ya sa in ciro ta da hannuna ba."

Badaru ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Maganar da ya yi jiya da babbar murya ta riƙe masa wuya. Ya ɗaga wa direba hannu, ko kallonsa bai yi ba.

A cikin motar Ruƙayyatu ta fashe da kuka.

"Baba, na gode. Baba, ka yafe..."

"Ki yi min shiru. Ban yafe ba tukuna."

Ta haɗiye sauran. Da suka zo tasha, ga Sada tsaye jikin babur ɗinsa, raɓa ta jiƙa masa kafaɗu. Ya ga farar Fijo, ya ga Ruƙayyatu a ciki, fuskarsa ta yi baƙi. Sai ya ga rawanin da ke kusa da ita, ya cire hula bai san ya cire ba.

"Shi ne wancan?" in ji Alhaji.

"Shi ne, Baba."

"Hm. Ya biyo mu in ya ga dama, hanya ta gwamnati ce."

Suka ɗauki titin Gwaram, ƙarar babur na biye da su daga nesa. Sun yi tafiya mai tsawo kafin Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya ciro fasfon, ya ajiye mata a cinya, idonsa na kan gonakin da ke wucewa.

"Karɓi ranarki, ni ba ni da ita," ya ce. "Amma ki saurare ni da kyau, Ruƙayyatu. Na bar baƙina, na bar bikina, na kunyata mutum a gaban gari saboda ke. Zan zauna a bayan ajin nan in ji da kunnena. In malamar nan ta ce kin ci, yaron can ya turo. In ta ce kin faɗi, a motar nan za mu koma, kuma kin san mai ita."

Ta dubi agogon hannunta. Tara saura kwata. Ta lalubi farkon darasin a kanta, ta nema ta nema, ko kalma ɗaya ba ta samu ba.